Tunku da Tandar Marigayiya

An yi wani Tunku a wani gari na gindin dutse, wanda ya ce duk faɗin duniya babu maiƙon da ya taɓa gagarar sa. Sana'arsa wankin kayan girki. Tukunyar ƙarfe, kaskon suya, ragar gasa nama, duk abin da kitse ya kama ya ƙi saki, shi ake kai wa.

In ya zauna gindin ceɗiyar bakin kasuwa, sai ya ba da labarin yadda aka taɓa aiko masa daga wata ƙasa mai nisa, ya je ya wanke tukunyar da aka dafa giwa sukutum a ciki. Da tsani ya sauka cikinta, in ji shi, kuma da ya gama sai tsuntsaye suka riƙa faɗowa ciki, suna tsammanin tafki ne saboda sheƙi. Wata rana giwar ita kaɗai ce, wata rana kuma har da ɗanta. Sunan ƙasar ne dai kullum yake ɓace masa.

In aka tambaye shi da me yake wankin, sai ya rage murya ya ce wani haɗi ne da ya gada wurin kakansa, ba a nuna shi, ba a faɗin abin da ke ciki. Shi ya sa ya kewaye bayan ɗakinsa da doguwar zana, ko kaza ce ta leƙo sai ya jefe ta.

Haɗin kakan nan kuwa a cikin bakinsa yake kwana. Harshe ne, ba wani abu ba. Tunku makwaɗaici ne na gaske. Da an kawo kasko sai ya shige bayan zana, ya lashe shi tas, ya ɗauraye da ruwa, ya kife a rana. Ya ci ya ƙoshi, a kuma zo a yi masa sannu da aiki. Sabulu bai san hanyar gidansa ba.

A garin akwai Burgu mai tsire, wanda ba ya yarda da kowa, ko naman da ya yanka da hannunsa sai ya sake shinshinawa. Shi ma yakan kai wa Tunku ragar gashinsa, don ba ya samun sukunin kankare ta, amma kullum da ƙorafi. Ya ce tun da ya fara kai ta, tsirensa ke wani ɗan wari da ba na yaji ba. Tunku ya ce ƙanshin haɗin ne, wanda bai waye ba ne yake kiran sa wari.

Akwai kuma Goggo Beguwa, tsohuwa mai saurin yarda da magana. Ita da yayarta masu waina ne. A gida ɗaya suka tsufa, kuma tun suna 'yan mata suka raba aikin. Goggo ke jiƙa shinkafa, ta niƙa, ta kwaɓa ƙullu. Yaya ce a bakin murhu.

Tandarsu ta ƙarfe ce, mai nauyi, baƙa ƙirin, gadon uwarsu. Yaya ba ta barin kowa ya taɓa ta. In ta gama suya, tun tandar na da ɗumi take goge ta da tsumma, ta shafa mata ɗan man gyaɗa, ta rataye ta inda ba danshi. Goggo ta yi shekaru tana ganin haka, ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ta ɗauka iyayi ne kawai irin na Yaya.

Wata safiya a tsakiyar damina, ciwo ya kama Yaya tana tsaka da suya. Aka ɗauke ta daga bakin murhu aka kai ɗaki, ba ta sake fitowa da ƙafarta ba. Tandar ta zauna yadda ta bar ta, da mai kwance a gurabenta. Goggo ta kifa mata faifai ta tura ta lungun madafa, don in ta kalle ta sai ta ga kamar za a ce mata, "Miƙo ƙullun mana."

Haka aka yi ta tafiya har lokacin sadakar arba'in ya matso. A gidansu kuwa, wainar sadakar mamaci a tandar gida ake soya ta, ba a aro. Da ita aka yi ta uwarsu, da ita aka yi ta mijin Goggo. Goggo ta ƙudura a ranta cewa ba Yaya ce za a fara yi wa sadaka da tandar maƙwabta ba, ita da ta ƙarar da rayuwarta a gaban wannan.

Ana gobe sadaka ta ɗaga faifan. Man ya daskare ya yi danƙo, ƙura ta hau, yana wani tsohon wari. Ta naɗe tandar a zani ta ɗora a ka, ta nufi gidan Tunku. Ta iske Burgu a ƙofa, ya kawo ragarsa, suna ta musu kamar kullum.

Ta sauke ta ce, "Ɗan nan, ga tandar Yaya. Man nan da ya daskare kawai za ka cire mini. Gobe da sassafe nake son ta, yau zan kwaɓa ƙullun sadaka."

Tunku ya duba guraben nan cike da mai, yawunsa ya tsinke. Ya haɗiye, ya gyara tsayuwa, don ya ga Burgu na kallon sa.

"Goggo, ai ba mai kaɗai ba ne a nan. Dubi baƙin nan, dauɗar shekaru ce. Allah ya jiƙan Yaya, amma gobe in na kawo miki tandar nan, a cikinta za ki duba fuskarki ki ɗaura kallabi."

Goggo ta ce ita tun tasowarta ba ta taɓa ganin tandar da wani launi ba in ba baƙi ba. Tunku ya ce ai don ba ta taɓa shigowa hannunsa ba ne.

Burgu ya tura kumatu ya ce, "Sarkin wanki, ka dai rage baki. Abin da aka sa ka shi za ka yi."

"Kai da ragarka ke ɗigar kitse kamar hancin mai mura, kai ne za ka koya mini aiki? Ajiye ka tafi, ka dawo gobe."

Suka watse. Tunku ya ja tanda da raga ya shige bayan zana.

Da tandar ya fara. Man ya tsufa, yana da ɗan ɗaci, amma Tunku ba ya raina maiƙo don tsufansa. Ya bi gurbi gurbi ya suɗe, har gefen da ake kamawa bai bari ba. Da a nan ya tsaya, ya goge ta ya mai da wa mai ita, da labarin ya ƙare lafiya.

Sai dai tandar tana nan baƙa, baƙi mai santsi mai ɗan ƙyalli, wanda harshe ke zamewa a kansa bai ɗebo komai ba. Tunku bai san cewa wannan baƙin shi ne tandar ba. Man shekara da shekaru ne da wuta ta gasa ya zama fata, shi ke hana waina kamawa, shi ke hana tsatsa. Abin da Yaya ke tattali ke nan da tsummanta. Shi dai abin da ya sani, ya yi cika baki a gaban Burgu.

Ya ɗebo yashi da toka, ya samo wani dutse mai kaushi, ya durƙusa. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya yi wanki da hannu, ya kuwa ji a jikinsa. Ya goga, ya kankare, gumi na zuba, har baƙin ya fara tashi. Kafin rana ta yi sanyi tandar ta koma launin toka, tsirara, kamar yau aka fito da ita daga maƙera.

Ya koma gefe yana kallon ta yana murmushi. Fuska dai ba ta fita a ciki ba, amma ya ce zai gaya wa Goggo idonta ne ya yi rauni. Ya kwara mata ruwa, ya bar ta nan ƙasa da ruwan kwance a gurabenta, wai don sauran dattin ya jiƙa.

Daga nan ya juya kan ragar Burgu, wadda kitsen rago da ƙuli-ƙuli suka yi wa kauri. Ya lashe gefe guda tas. Kafin ya kai ɗaya gefen cikinsa ya cika, hannuwansa na zogi. Ya ce sauran ya zama karin kumallo, ya shige ɗaki. Aka kwana ana yayyafi.

Da gari ya waye ya fito yana miƙa, sai ya tsaya cak. Tandar ta yi jajawur. Tsatsa ta rufe ta ciki da baya, ruwan da ke gurabenta ya koma kamar kunun jar dawa. Ya sa yatsa ya shafa, yatsan ya fito ja. Ya goge da ganye, jan ya ragu, ƙarfen ya fito da kaushi kamar bayan kada.

Ya tuna idon Goggo lokacin da take kwance zanin. Ya kuma tuna ƙayoyin da ke bayanta, waɗanda tsufa bai rage musu tsini ba.

Jiya baƙin yake kora, yau baƙin yake nema. Ya yi tunanin in ya shafa mata kitse ya ɗora a wuta, hayaƙi zai mai da ta yadda take, ya ce wa Goggo ya duba ya ga farar tanda ba ta dace da ranar sadaka ba. Ya hura wuta mai ƙarfi, ya aza tandar, ya kankaro kitse daga gefen ragar Burgu da ya rage, ya rarraba a guraben.

Kitsen ya narke. Ƙanshin rago da yaji ya tashi ya cika bayan zana. Tunku bai karya ba. Ya ce wa kansa yau ba ranar ci ba ce, ya kau da kai. Ya sake waiwayowa. Akwai wani gurbi can gefe wanda harshen wuta bai kai gare shi ba, kitse ya taru a ciki yana sheƙi. Ya ce wannan ɗaya dai, don ya ji ko aikin na tafiya daidai.

Ƙarfe kuwa ba ya nuna zafinsa a fuska. Tunku ya miƙa harshe ya ɗora.

Tsallen da ya yi sai da ya kusa tsallake zanar. Ya rarumi tulun ruwa don ya tsoma baki, tulun ya kuɓuce ya juye kan tandar, ya fashe. Tururi ya turnuƙe. A cikin tururin aka ji wata 'yar ƙara, ƙas, ba mai ƙarfi ba. Da ya washe, tandar uwar su Goggo ta rabu biyu, ɓari babba da ɓari ƙarami.

Tunku ya zauna a ƙasa, harshe cikin ɗan ruwan da ya rage a tsingaron tulu, hawaye na zuba. Zafin bai hana shi lissafin abin da zai faɗa ba. In ya ce ɓarawo ne, ɓarawo ba ya fasa abu ya bar shi. In ya ce faɗuwa ta yi, daga hannunsa ta faɗi. Ya juya nan, ya juya can. Sai ya tuna akwai mai laifi guda da ba za ta tashi ta musa ba.

Ya ɗaure haɓarsa da tsumma kamar mai ciwon haƙori, ya naɗe ɓarin biyu a buhu, ya kama hanya.

Gidan Goggo ya riga ya cika. Malamai na zaure suna jira, mata na tsakar gida kan tabarmi, ƙullu ya tashi ya cika ƙwarya har yana neman zuba. Goggo na bakin murhu, inda Yaya ke zama, ta hura wuta tana duban ƙofa.

Tunku ya zube buhun a gabanta. Maganarsa na fita a dagule, ya ce haƙori ne ya hana shi barci. Sannan ya yi ƙasa da kai ya ce yana da labari marar daɗi. Tandar nan, in ji shi, ta daɗe da tsagewa. Yaya ce ta liƙe tsagar da ƙaro da baƙin tukunya ta ɓoye. Baƙin nan ne ke riƙe da ita, da haɗin kakansa ya wanke shi sai ta buɗe da kanta.

Goggo ta ɗauki ƙaramin ɓarin ta juya shi a hannu.

"Yaya ce ta fasa, ta ɓoye mini?"

Tunku ya gyaɗa kai.

Goggo ta ajiye ɓarin. Can ta ce, a hankali, "Shi ya sa ba ta bari in taɓa. Ni ina cewa tattali ne. Kwano ɗaya muke ci, ɗaki ɗaya muke kwana, ashe akwai abin da ba ta yarda da ni a kansa ba."

Tunku ya ga ƙaryar ta zauna fiye da yadda ya zata. Da yake shi ba ya iya barin abu da saura, sai ya ƙara. Ya ce ai marigayiya ta taɓa tare shi a hanya ta gaya masa a asirce, ta ce kada ƙanwarta ta ji, don ba ta iya riƙe magana.

Goggo ba ta yi kuka ba. Fuskarta ce ta canja, ta yi tauri. Wata maƙwabciya ta ce bari ta ɗauko tata tandar, Goggo ta ce a'a. Ta ɗora babban ɓarin a murhu, ta tokare shi da dutse, ta zuba mai, ta zuba ƙullu da ludayi.

Da lokacin juyi ya yi, wainar ta ƙi tashi. Ta kama ƙarfen kam. Goggo ta sa cokali ta ɓamɓara, ta fito a yage, ƙasanta ja da tsatsa, cikinta ɗanye. Ta sake zubawa, haka. Ta sake, haka. Tarin yagaggiyar waina ya taru a faifai, wadda ko yaro ba za a miƙa wa ba, balle a kai zaure. Matan suka sunkuyar da kai. Goggo ta ajiye cokalin ta zauna tana kallon wuta.

Tunku ya fara ja da baya a hankali, yana neman ƙofa. A bakin ƙofar ya yi karo da Burgu, yana jan ragar gashinsa a ƙasa.

Burgu ya je karɓar ragarsa ne bai iske kowa ba, da yake kuma shi ba mai jiran izini ba ne, ya ɗaga zana ya shiga, ya ɗauko ta ya biyo Tunku har nan. Ya gai da Goggo, ya yi wa marigayiya addu'a, sannan ya jefa ragar a tsakar gida. Rabinta fes, rabinta kitse.

"Sarkin wanki, ga sauran aikinka. Nama na jira na. Ƙarasa shi a nan."

Tunku ya ce haɗin ba a yin sa a gaban jama'a. Burgu ya ce kowa zai juya baya. Tunku ya ce haɗin yana gida. Burgu ya ce daga gidan yake, ya duba ko'ina, abin da ya gani toka mai ɗumi ce da fasasshen tulu, ko ƙyallin sabulu babu. Ya ɗaga ragar ya nuna wa matan wasu dogayen gashi da suka maƙale tsakanin wayoyin gefen da aka wanke.

"Wannan haɗin naka gashin baki gare shi?"

Tunku ya nuna haɓarsa, ya ce haƙori ba zai bar shi ya tsaya gardama ba.

Goggo ta ɗago kai. Ta ce, "Ɗan nan, kwance tsumman in ga haƙorin."

Ya ce ba komai, ya fara sauƙi. Burgu ya miƙa hannu ya fizge tsumman. Bakin ya buɗe, harshen ya zazzago, a kumbure, ya yi fari ya saluɓe, ga shatar ƙuna a lanƙwashe kamar bakin gurbin tanda. Haƙoran kuwa lafiyarsu ƙalau, farare, sun fi na kowa a gidan.

Burgu ya ɗauki ƙaramin ɓarin ya kai shi haske. A leɓen gurbin gefe akwai wata 'yar fata a manne, ta ƙone ta bushe. Ya miƙa wa Goggo.

Goggo ta dubi fatar, ta dubi harshen, ta dubi bakin tsagar, wanda yake sabo fil, babu ƙaro, babu baƙi ko ɗigo a cikinsa. Ƙayoyin bayanta suka miƙe, matan suka ja tabarmi baya. Amma ba ta tashi daga inda take ba.

Ta ce, "Wannan fatar ma Yaya ce ta liƙa?"

Tunku ya motsa baki, harshen ya ƙi juyawa.

"Tanda ka fasa, na ji, ƙarfe ce. Amma ka tsaya kana kallo na ina soya wainar sadakarta ina jin haushinta a raina. Faɗa wa mutanen nan a wace hanya ta tare ka."

Tunku ya duba ƙofa, Burgu na tsaye a ciki. Ya duba ƙasa. Wannan karon ko rabin labari bai samu ba.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya yi cika baki kan aikin da bai iya ba, zai lalata abin da aka ba shi amana don kawai maganarsa ta tsaya, kwaɗayi kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Mafi muni shi ne ya ɗora laifinsa a kan wanda ba shi da bakin kare kansa. Ku kuma yara, in an ba ku tanda ko kaskon ƙarfe ku wanke, ku cire maiƙon sama da ruwan ɗumi, ku tsane shi sarai, ku shafa ɗan mai. Kada ku kankare baƙin, kada ku bar shi ya kwana a ruwa, kada ku zuba masa ruwan sanyi yana da zafi. In kuma abu ya lalace a hannunku, ku faɗa da bakinku tun yana iya magana.